Kwanon Goggo Ya Koma da Saura

Zuwa ga Malam mai filin shawarwari,

Don Allah ka taimake ni, na gyara wani abu na ɓata wani. Ina da littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, kuma duk sanda na buɗe shi sai in ga laifina a ciki da rubutun hannuna.

Ni malamin makarantar elemantare ne a Faskari, na ba arba'in baya kaɗan. Ina da ƙane, autanmu, bari in kira shi Mamuda, shekarunsa ashirin da huɗu. Shekara biyu ke nan da ya sami aikin akawu, ya sayi keke, ya yi aure. Tun daga nan ya daina tafiya da ƙafa. Da safe shayi da madarar gwangwani da sukari ƙwaya biyar, da rana tsire da fura. Da almuru kuma kwano uku ke jiransa a zaure: na matarsa Bilki, na mahaifiyarmu da muke kira Goggo, da na ciyayya daga gidana. Ka san ba a mai da kwanon uwa da saura, na amarya ba a raina shi, na matar wa kuwa gudun magana ake yi. Sai ya riƙa cinye ukun duka don kada ran kowa ya ɓaci. Mutane suna ta cewa aiki ya karɓe shi. Ni ma na faɗa, yana nan a rubuce.

Da kakar da ta wuce muka je gayyar girbin dawa a gonar kawunmu a Sabuwa. Ko hantsi bai yi ba ya yar da magirbi ya zauna yana haki, leɓensa ya yi fari. Haka mahaifinmu ya fara kafin rasuwarsa. Kwana uku na kasa rubuta komai. A na huɗu na kai shi Ƙanƙara wurin wani disfensa mai ba da magani a asibiti, abokin karatuna tun muna makarantar Midil. Ya duba shi sosai, ya saurari ƙirjinsa, ya ce zuciya lafiya lau, ba abin da ke damunsa sai ƙiba da yawan zama. Malam, a motar dawowa na yi ta hamdala har mutane suna kallona.

Sai na tsara masa yadda zai yi. Keke sai tafiya mai nisa. Sukari ƙwaya ɗaya. Bayan la'asar ya taya ni ban ruwa a lambuna na fadama. Da almuru kwano ɗaya. Ranar da aka buɗe kasuwar auduga ta Mairuwa, wani abokinmu ya ɗora shi bisa sikeli kamar buhu, ana ta dariya: laba ɗari da casa'in da shida. Makon jiya ɗari da saba'in da huɗu. Haki ya tafi, ya daina gyangyaɗi a ofis.

Ga inda na yi kuskure. Ciyayyar gidana na tsayar da ita da bakina, uwargida ta yi fushin kwana biyu ta huce. Amma Goggo na ji nauyinta, sai na ce wa Mamuda ya riƙa yin loma biyu ya mai da kwanon, wai za ta gane da kanta. Ba ta tambayi kowa ba, ta ɗora wa Bilki laifin. A gaban matan gida ta ce, "Ɗan da na yaye da hannuna, yau tuwona ya zan abin maidowa? Wagga yarinya ta raba ni da shi, ta bar shi yana ramewa, yana yawo ƙasa kamar wanda anka kora daga aiki." Ina tsaye a wurin, kuma na bar laifin a kan Bilki.

Yau kwana ashirin da uku Goggo ba ta amsa gaisuwar Bilki ba. Yarinyar ta ce in abin ya ɗore za ta tafi gidansu Ketare. Mamuda kuwa ya ce gara ya koma cinye kwanonin a zauna lafiya. Shin tun farko ma na shiga abin da ba ruwana ne? In bar shi ya koma, ko yaya zan yi?

Mai Shakka, Faskari, Maris 1956

AMSA

Malam Mai Shakka, da farko barka da arziki. Ka ga alama ka ɗauki mataki, aka duba aka ce ba cuta. Tsarin da ka yi wa ƙanenka daidai ne, kada a canza shi. Saurayi ɗan ashirin da huɗu da ya kasa girbi zuwa hantsi ba hutu ya samu ba, ko da duk gari sun ce ya yi kyau.

Amma Goggo ma tana da gaskiyarta. Ta ga shekarun da hatsi ya yi wuya, ta san rama ba ta zuwa da alheri. Tsohuwa ba ta da abin da za ta ba ɗan da ya zama ma'aikaci sai wannan kwano, ku kuma kuka mai da mata shi ba bayani. Dole ta nemi mai laifi, ta kuwa kama wadda ba ta da bakin kare kanta.

Gobe bayan sallar asuba ka je ɗakinta kai kaɗai, ka durƙusa ka faɗa mata kome: abin da ya faru a Sabuwa, tsoron da ka ji saboda mahaifinku, maganar disfensa, da cewa kai ka ba da umarni, Bilki ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Za ta yi faɗa. Ka sunkuyar da kai ka ɗauka, naka ne.

In ta huce, ka roƙe ta ta riƙe lafiyar ɗanta da kanta. A raba kwana tsakanin tukunyarta da ta Bilki, kuma ita za ta faɗi rabon. Ranar girkinta ta yi masa irin na da: kwaɗon zogale, dambu, wake, miyar ganye, man shanu kaɗan. In kwano biyu suka haɗu, ya fito da su ƙofar gida a ci da maƙwabta, su koma wayam. Sa'an nan ka ba Bilki haƙuri a gaban matan da aka zarge ta a gabansu.

Kada ka jinkirta, azumi ya ƙarato, bai kamata ya same ku da gaba a gida ba. Allah ya ƙara wa Mamuda lafiya, ya sanyaya zuciyar Goggo, ya ba ka ƙarfin halin faɗin gaskiya.