Ashiya, Mis Linda

Malabo

Yaya Eposi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mami da yara. Ya kasuwar kifi? Ni ma lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Na samu aikin koyar da Turancin, amma kar ki yi guɗa tukuna. Bizar baƙunta da na shigo da ita za ta ƙare a ƙarshen zangon nan, kuma ba za a ba ni takardar izinin aiki ba sai mai makarantar, Madam Milagrosa, ta sa hannu cewa ita ta ɗauke ni. Ta ce sai ta ga yadda iyaye suka karɓe ni. Su kuwa iyayen ba malama daga Limbe suke so ba, so suke a ce wadda aka haifa cikin Turanci ce ke koyar da 'ya'yansu. Shi ne Madam ta raɗa mini sabon suna, ba rago ba goro. Yanzu ni ce Mis Linda, haifaffiyar Landan.

Sharaɗin ɗaya ne, kar wani ya ji Fici a bakina. Kin san Fici, burokar mutanen nan, kusan ɗaya take da tamu ta gida. To dole in nuna ban jin ko kalma. A kasuwa mata na zagin takalmina a gabana ina washe musu baki kamar wawiya, su tsuga mini kuɗin agada in biya. Efeti kuwa, maƙwabciyarmu da ta sauke ni a ɗakinta farkon zuwana, in na wuce teburin kifinta sai ta rusuna har ƙasa tana gaishe da Mis, idonta cike da tsiya. In na saci jiki na je wurinta da yamma, ta yi ta dariya wai ba ta taɓa ganin Baturiyar da ke suɗe kwanon miyar eru ba sai ni.

Jiya na kusa tona kaina. Pilar, 'yar Don Anselmo shugaban kwamitin iyaye, ta faɗi a tsakar makaranta ta kurje gwiwa, sai kawai na ji bakina ya ce mata ashiya. Kin san Turancin littafi ba shi da wannan sannun tamu. Na waiga, ban ga alamar wani ya lura ba.

Don Allah kar ki kira ni da rana. A gaida Mami.

Ƙanwarki,
Limunga

Limbe

Ranki ya daɗe Mis Linda,

Talakawanki na bakin teku suna gaisuwa. Na karanta wa Mami wasiƙarki, ta ce ita dai ba ta tuna ta yi naƙuda a Landan ba, sai dai in barci take. Kullum gari ya yi haske sai ta fita tana kallon dutsen tsibirinku, wai tana duba ki. Ke dai Allah ya shirye ki. Duk karatun da kika yi, a ƙarshe sai da ƙarya za a ba ki alli.

Bar wasa. Efeti ba ta kira gida ba tun makon jiya, wayarta kuma a kashe. 'Yarta da ta bar wa tsohuwarta ta ƙi cin abinci, tsohuwar kuma kullum tana ƙofar gidanmu tana tambayata, tunda ta san kina can. Masu zuwa da jirgin ruwa sun ce ana kamen baƙi a kasuwanninku. Ki cire takalmin Turawan nan ki je ki dubo mana ita. Ba roƙonki nake ba.

Ki huta lafiya.

Yayarki,
Eposi

Malabo

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba sai na je dubawa ba, a gabana aka tafi da ita.

Matar Don Anselmo ce ta ja ni kasuwa, wai in raka ta ta riƙa gwada Turancinta. Muna tsaye motar masu duba takardu ta tsaya, aka fara jefa mutane ciki. Efeti na da katinta na izinin zama, da idona na ga ta miƙa, mutumin ya sa a aljihu ya ce ta hau. Ta hango ni. Ta buɗe baki za ta kira sunana, sai ta ga wadda ke gefena, ta haɗiye shi ta kau da kai. Yaya, ita ake kamawa, amma asirina take rufawa. Matar nan kuwa ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, wai kar in tsorata, irina ba a taɓa su.

Na je inda aka tsare su, aka kore ni daga bakin ƙofa. An ce sai wani babba ya yi magana, in ba haka ba a loda su a mayar da su gida, teburinta da kayanta duk sun tafi ke nan. Babban da na sani ɗaya ne, Don Anselmo, don maganarsa na shiga a wurin. Na roƙi Madam ta yi masa magana. Ta tambaye ni ina 'yar Landan ta san mai kifin Limbe. Sannan ta ciro takardata daga aljihun tebur ta nuna mini wurin sa hannu, fari fes, ta ce bayan taron iyaye na ranar Juma'a za ta cike shi, in dai na riƙe bakina.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Kin san wahalar da muka sha kafin in tsallako. Kar ki gaya wa tsohuwar Efeti komai tukuna. Ku sa ni a addu'a.

Limunga

Malabo

Zuwa ga Malama Limunga,

Bayan gaisuwa. Na rubuto ne don kada a ce ban sanar da ke a hukumance ba.

An ba ki dama a taron iyaye ki yi gajeren jawabi cikin Turanci. Maimakon haka kin tsaya gaban shugaban kwamiti kin yi masa magana da harshen kasuwa, kin faɗi sunanki da garinku, kina kuka a kan wata mai sayar da kifi. Abin da na gina shekara da shekaru kin zubar mini da shi a gaban mutane.

Makaranta ba za ta sa hannu a takardarki ba. Ki miƙa makullin aji ga mai gadi. Ban ce ba ki iya aiki ba, yara sun ƙaru da ke, kuma ni kaina abin bai yi mini daɗi ba. Amma na gargaɗe ki.

Ina miki fatan alheri.

Milagrosa,
Shugabar makaranta

Malabo

Yaya Eposi,

Gaisuwa. Ki gaya wa tsohuwa Efeti ta fito, da katinta a hannu, ta koma teburinta. Wayarta ce dai ba a dawo da ita ba.

Don Anselmo da kansa ya je inda aka tsare su. Da muka fito na gode masa, na ba shi haƙuri kan ƙaryar da na yi musu. Ya amsa mini da Fici tsantsa. Ya ce wace ƙarya, ai tun ranar da Pilar ta koma gida tana cewa Mis ta ce mata ashiya kowa ya sani. Na ce to tunda an sani, ya yi wa Madam magana mana. Ya girgiza kai.

"Da kin yi shiru, da kowa na iya ci gaba da cewa 'yar Landan ce ke koyar da ɗansa. Yanzu kin faɗa da ƙarfi, mun ji."

Zan shigo jirgin Asabar. Efeti ta ƙulle mini kifi soyayye na hanya. Ta miƙo mini, ta rusuna kamar yadda ta saba don ta ba ni dariya, amma wannan karon ba ta ce Mis ba. Ta ce, "Ashiya, Limunga."

Ki ce wa Mami ta daina kallon dutsen, ta dubi bakin ruwa.

Ƙanwarki,
Limunga