Yayana ya kai maƙwabcinsa kotu, alhali gishirin daga hannuna ya fito

Iya Lami, don Allah ki taimake ni da shawara, ni dai kaina ya daina aiki.

Wankin manyan motoci nake yi a bakin titin Mai'adua, galibi masu ɗauko gishiri da kanwa. In an sauke kaya, abin da ya zube a bodi ba na sharewa, ruwa kawai nake sakar masa ya bi kwata. Shekara huɗu ke nan. Ashe kwatar ta ƙarƙashin kwalbati take bi ta faɗa tafkin da yayana Badaru yake ban ruwan lambunsa da shi. Ban taɓa bin ta na ga ƙarshenta ba sai watan jiya.

Bana tumatirinsa ya ƙone a tsaye, ƙasar ta yi fari fat, ruwan ya koma zartsi, ko awaki sai su sansana su wuce. Yaya ya ce maƙwabcinsa Kalilu ne ya barbaɗa masa gishiri don asiri, da yake sun taɓa rigima a kan iyaka. Ya kai shi kotun shari'a. Babu shaida, don haka ranar Alhamis Kalilu zai rantse da Alƙur'ani. Tun yanzu wasu sun daina ba shi hannu a masallaci.

Na ɗanɗana ruwan kwatata, na ɗanɗana na tafkin, duk ɗaya. Na dawo gida na ci tuwo na kwanta. Ba na jin komai, Iya. Yaya ne ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, shi ya saya mini injin wankin ma. Jiya na sake wanke mota biyu.

Mai wanki, daga Mai'adua.

AMSA

Ɗana, wanda ba ya jin komai ba ya zama ya rubuto mini takarda. Tsoro ne ya daskarar da kai.

Ba da gangan ka yi ba, kuma wataƙila ba kai kaɗai ke zuba wa tafkin ba, don haka ku nemi malamin gona ya duba ruwan. Amma tun ranar da ka ɗanɗana uzurinka ya ƙare. Motoci biyun jiya da saninka ka wanke su.

Daga yau ka riƙa share bodi a bushe, ka tara gishirin ka ba masu dabbobi. Ruwan wankin kuma ka haƙa masa rami nesa da tafki da rijiya.

Sannan ka ɗauki dattijo ɗaya na gidanku ku je wurin Badaru kafin Laraba. Ka kai shi bakin kwalbatin ya gani da idonsa. Zai yi fushi, yana da gaskiya, wataƙila ya daɗe bai amsa gaisuwarka ba. Ka jure. Lambu zai iya farfaɗowa in ya sha ruwan damina. Amma in ka bari bawan Allahn nan ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a kana tsaye da gaskiya a bakinka, yayanka ka bari ya zalunci mutum, kuma kai ka sa shi.

Daga bakin kwalbatin ku wuce gidan Kalilu tare, kai ne a gaba. Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar yayanka.