Zoben Giya Arba'in

Barking, Landan
3 ga Maris

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida. Yaya ƙafar? Ina fata kana shafa maganin da na aiko, ba ajiye shi ka yi a kan taga ba. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya ƙi tafiya. Jikarka Afrah tana gaishe ka. Hausarta tana nan yadda ka santa, ta ji duk abin da aka faɗa, ta mayar da amsa da Turanci.

Baba, na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, don a waya kana katse ni kafin in kai aya. Na rage kwanakin aikina a asibitin haƙori na Marylebone. Kwana uku nake zuwa yanzu. Sauran kwanakin ina wani ɗan gareji a nan Barking, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ina ƙera kayan giyar tsofaffin motoci.

Na san abin da za ka ce, ba don in koma wa baƙin mai ka tura ni karatu ba. Amma ka ji yadda abin ya faro. Bara na kai Afrah wani taro da masu son tsofaffin motoci suke yi, sai na hango Fijo 404 fara sol, irin waɗanda na taso ina gani a garejinka na Tudun Wada. Ƙafata ta ƙi wucewa. Mai motar wani dattijo ne ɗan Jos, Oga Jang, wanda ya shekara talatin yana gyaran bas a Landan kafin ya yi ritaya. Hira ta kai mu ga zoben tagullar nan na cikin giyabos, wanda ke sa giya ta shiga ba tare da ƙara ba. Ya ce ya ɓace a kasuwa, motoci da yawa suna jibge saboda shi kaɗai. Na ce masa wadda take auna haƙoran mutane, na ƙarfe ba za su gagare ta ba. Ya yi dariya, ya ba ni wani tsohon zobe, ya ce in gwada.

Yanzu mu uku ne. Ni nake awo da zane, Oga Jang yana kan injin sassaƙa ƙarfe, sai Fausia, 'yar Zongon Kumasi mai 504 koriya, ita ke karɓar oda a intanet tana aikawa. Zobe arba'in muka yi, cikin mako shida sun ƙare. Har Scotland da Faransa an kai su.

Baba, na iya aikin nan, kuma a wurinka na gan shi. Albarkarka nake nema.

'Yarka,
Yelwa


Barking, Landan
14 ga Afrilu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan zafin Kaduna bai matsa muku ba. A gaida Inna. Ita ta gaya min ka karanta wasiƙata sau biyu, ka ninke, ka sa a aljihu, ka ce a kawo maka abinci. Ban yi fushi ba, na san halin ubana. Amma yau da buƙata na zo.

Akwai wata tsohuwa Baturiya, Misis Tilbrook. Marigayi mijinta ya yi koyarwa a Zariya, can ya sayi 404, da suka tashi dawowa suka taho da ita ta jirgin ruwa. Jikarta za ta yi aure ranar takwas ga Yuni, kuma ta yi wa yarinyar alkawarin a motar kakanta za a ɗauke ta. Zobenmu aka sa wa motar. Makon jiya ta kira ta ce giya ta uku tana ƙara in motar ta yi zafi, har sau ɗaya ta ƙi shiga tana tsakiyar shataletale.

Muka sauke giyabos ɗin. Kwana biyu ina awo kafin in gano, kuma laifin nawa ne. Tsohon zoben da na kwaikwaya ya riga ya cinye ta ciki. Na kwafe shi har da cinyewarsa. Bambancin bai kai kaurin gashi ba, amma ka fi ni sanin abin da hakan ke jawowa.

Nan muka saɓa da Oga Jang. Shi a ganinsa mu canja wa wanda ya kawo ƙara kawai, don yawancin motocin nan sau biyar ake fito da su a shekara, ba za su taɓa lura ba. Ya ce sunanmu ɗanye ne, in muka yi shela mun kashe kanmu. Ba mugu ba ne, Baba, tsoro ne irin na wanda ya sami abin yi bayan ritaya. Ni kuwa na ce duka arba'in ɗin za su dawo. Ya ajiye sifana, ya ce, "Yelwa, ke kina da asibitin da za ki koma. Ni ina zan koma?" Fausia ce ta raba mu, da Hausarsu ta Zongo da ba ta bambanta mace da namiji. Ta ce, "Oga, Yelwa ya yi gaskiya. In giya ya ƙi a kan tudu da yara a baya, wa za ka gaya wa?" A ranar muka rubuta wa kowa cewa ya ajiye motarsa tukuna. Oga Jang ya sa hannu, amma yau kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Gyaran ba zai gagare ni ba. Abin da na rasa shi ne zobe na asali wanda ba a taɓa sa wa mota ba, in auna. Mun tambaya ko'ina, babu. Sai na tuna akwatin ƙarfen nan shuɗi da ke ƙuryar shagonka, wanda kake hana kowa taɓawa. Idan akwai ko guda ɗaya a ciki, ka ara min. Umar Faruq, ɗan maƙwabcinmu mai karatu a nan, zai taso daga Kaduna ranar ashirin da biyar ga wata. Ba sai ka rubuta komai ba.

'Yarka mai biyayya,
Yelwa


Barking, Landan
11 ga Yuni

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri. A gaida Inna, a ce mata yajin ya iso bai zube ba. Na jinkirta rubutu ne don ina so in zo maka da labari cikakke.

A tashar Charing Cross na haɗu da Umar Faruq. Ban iya haƙuri na kai gida ba, a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na kwance ƙullin da ka aiko. Zobe biyu sababbi dal a takardarsu mai giris, warinta ya mayar da ni shekara talatin baya. Sai kwalin sukari da ka yage ka yi zane a bayansa, ka nuna yawan ratar da za a bari, ka kuma rubuta cewa kada in yarda da na'ura ita kaɗai, in shafa shuɗin fentin gwaji a cikin zoben, in murza a kan giyar, in ga inda ya taɓa. Da Oga Jang ya ga kwalin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan bakanike ne." Ya manna shi a bango saitin injinsa. Tun daga ranar muka koma hira.

Mako uku muka yi muna ƙera sababbi, kowanne sai da ya sha shuɗi. An dawo mana da talatin da tara. Na ƙarshen na wani mutum ne a Faransa da ya ce nasa lafiya yake, ba zai sauke giyabos ba. Fausia ta yi ta kiransa har ya gaji ya aiko. Mutum biyu sun zage mu, ɗayansu ma a intanet ya yi. Amma shugaban ƙungiyar masu motocin ya rubuta a mujallarsu cewa ga mutanen da suka tona asirin kansu kafin a tona musu. Yanzu odar da ke gabanmu ta kai ta wata huɗu.

Ranar Asabar aka yi bikin. Misis Tilbrook ta ce ni zan ja motar. Na ɗaura ɗankwalina mai kyau, na ɗauki amarya da kakarta. Akwai tudu mai tsawo kafin cocin. Na taka kuloci, na sauko daga ta huɗu zuwa ta uku, ta shige shiru kamar cokali a cikin man shanu. Tsohuwar ta dafa kafaɗata daga baya, ta ce min da Hausar da ta rage mata, "Sannu da aiki."

Saura magana ɗaya. A ƙasan ƙullin na tarar da wani abu a naɗe cikin tsumma: ƙaramin ƙarfen giyar baya, haƙora uku a karye, da 'yar takarda mai layi ɗaya, "A yi min irin wannan." Na gane shi. Na akori-kurarka ne, wadda ta shekara tara a kan duwatsu a bayan gida. Fausia ta so ta sa ka a layi kamar kowa, Oga Jang ya ce duk wanda ya sa mai kwalin nan a layi ya bar masa gareji. Jiya muka gama shi. Na auna shi sau uku, na shafa masa shuɗi.

Ba zan ba kowa ya kawo maka ba. Na sayi tikitin jirgi, ni da Afrah muna tafe ranar ashirin ga Yuli. Ka sa a share ƙarƙashin motar, a nemo tabarma. Ni zan shiga in ɗaura shi da hannuna. Kai dai ka zauna a benci, ka miƙe ƙafar nan, ka yi ta gaya min inda na kuskure.

'Yarka,
Yelwa