Gaisuwar Baba Daga Getso

Daga jirgin bincike,
Gaɓar Afirka ta Kudu.

Yaya Zulaiha,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da mutanen Gwarzo. Ya ƙanwarmu mai jego Adawiyya? Allah ya raya.

Kin ce har yanzu ba ki gane abin da ya kai 'yar Getso tsakiyar teku ba. A cikin tekun nan akwai wani ƙaton kogi, Agulhas, mai gudu kamar an koro shi. Bara waccan muka nutsar da na'urori a ƙarƙashinsa, suna auna nauyin ruwan da ya danne su. Yanzu muna bi muna kiransu da sauti. Wadda ta ji sai ta saki ƙarfen da ke riƙe da ita, ta taso. Da abin da suka tara muke zana taswirar tafiyar ruwan ƙasa, wadda sau da yawa ta saɓa wa abin da ido ke gani a sama. Jiya ɗaya ta ƙi amsawa. Muka wuni muna kira, muka haƙura.

Na ga hoton sunan da kika turo, na tsakar gidanmu. Dangin mijin Adawiyya na Gude sun sha ado. Sai dai Inna ba kwalli, ba 'yan kunne, matar da ko zazzaɓi bai taɓa raba ta da kwalli ba. Ƙanenmu Mudassir kuma ga shi da hular Baba, wadda ko ƙurarta ba a yarda ya kaɗe ba. Duk sanda na nemi a ba Baba waya, sai ku ce ya tafi gona, yana gaishe ni. Mutumin da gwiwa ta hana zuwa Juma'a.

Yaya, Inna takaba take yi. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Na san ba a faɗa wa matafiyi rasuwa sai ya sauka, na kuma san Inna ce ta hana ku. Ban yi fushi ba. Kukana na yi shi a ɗakin inji, inda ƙara ke rufa wa mutum asiri.

Alfarma ɗaya nake nema. Kada Inna ta san na gane, ki bar ta da dabararta. Kuma ki ci gaba da rubuto mini cewa yana gaishe ni, har mu isa tudu. Ina amsawa.

Ƙanwarki,
Badi'a