Muryar Kaka Mamman

Agege, 3 ga Maris

Yaya Shafi'i,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da fatan aikin idon kakarmu Inno ya yi kyau. Na ba direban motar shanu wannan takarda ne saboda sau biyu ina ɗaukar wayar Baba in kira ka, sai in mayar in ajiye.

Yaya, fim ɗin rayuwar marigayi Kaka Mamman ya fito. Tun ranar Juma'a masu tura finafinai a waya suke sayar da shi a bakin kasuwa. Ka tuna Oga Mu'azu, mai shirya fim da ya zo gida bara Baba ya ba shi izini? Abin da ba ka sani ba, ni na ba shi littafin da nake rubuta hirar da Inno take yi mini. Ya ce Hausata ta fi ta marubutansa. Na ji daɗi, na miƙa masa, ban tambayi Inno ba.

Mun kalla a falo, har da maƙwabta. A farko-farko kawai aka nuna Kaka yana dakon nama a mayankar Oko-Oba. Islamiyyar da ya gina kuwa allonta kaɗai aka haska. Sauran duk soyayya ce. A littafina, wata bakwai ya yi yana kai nama rumfar abincin mahaifiyar Inno bai ce wa Inno uffan ba, sai dai ya ƙara yankan hanta ya wuce. A fim an sa shi yana yi mata waƙa a bakin teku cikin farar shadda, ita kuma ta tsallake katanga ta bi shi a motar haya ta danfo. Maƙwabciyarmu Maman Kalsum ta ce, "Ashe Inno an taɓa duniya!" Aka yi dariya. Baba ya tashi ya kashe talabijin.

Don Allah, Yaya, kada Inno ta gani.

Ƙanwarka,
Najiba

Katsina, 9 ga Maris

Malama marubuciya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, aiki ya yi kyau, sai dai ba a cire bandejin ba tukuna.

Takardarki ta makara da kwana biyu. Wata 'yar dubiya ta zo da fim ɗin a wayarta tana murna, wai ga Inno a fim. Ban san abin da ke ciki ba, da kaina na ƙara mata sauti. Gani dai ba ta gani ba, amma ta saurara daga farko har ƙarshe.

Ni dariya na yi. Kaka da farar shadda! Mutumin da ko ranar Sallah ƙanshin kitse yake yi? Na zaci katangar ce za ta ɓata mata rai, na shirya rarrashi. Da takardarki ta iso na karanta mata. Jiya ta ce in ɗauko biro. Ga maganarta, ban ƙara ba ban rage ba:

"Najiba, 'yar boko, ina gaishe ki. Zancen katanga kada ya hana ki cin abinci. Gidanmu ko katangar ba mu da ita, langa-langa ne, kuma duk wanda ya san ni a lokacin ya riga ni tafiya. Maman Kalsum ta yi dariyarta.

"Abin da ya dame ni yaron nan ne da ya fito a matsayin kakanku. Surutu gare shi. Kakanku shekara arba'in da ɗaya muna tare, maganarsa ba ta da yawa, shi ya sa na riƙe ta. Tun da aka rufe mini ido nake zama ina jin sa yana cewa a kawo ruwan alwala. Yanzu in na nemi muryarsa, ta yaron nan ce take zuwa. Kwana huɗu ina nema.

"Ban yi fushi da ke ba. Amma hirar nan ke na yi wa, ba Legas ba. Sauran da ban faɗa miki ba zan bar shi a wurina."

Shi ke nan abin da ta ce. Ki gaida Baba da Umma.

Yayanki,
Shafi'i

Agege, 15 ga Maris

Inno,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Yaya, don Allah ka karanta mata a hankali.

Na yi laifi, ki yafe mini. Ba zan roƙi sauran hirar ba.

Na bincika akwatin Baba na sami kaset na ɗaurin auren Goggo Mastura. Baba ya ce Kaka ne ya yi addu'a ranar. Na je har Ikeja na sami mai rediyon da ke cin kaset. Na saurara sau shida. Janareto da hayaniyar mutane sun rufe addu'ar gaba ɗaya. Amma kafin a shafa, akwai wanda ya yi gyaran murya sau ɗaya, kusa da na'urar ɗaukar sautin. Baba ya ce shi ne. Goggo ta ce ba ta tabbata ba.

Ke kaɗai za ki gane. In aiko?

Jikarki,
Najiba