Kwanon da Na Ajiye Gaban Yaya

Litinin, 3 ga Maris
An rataye zanen da na yi wa Yaya a zauren baje koli, daidai ƙofar shiga. Mai zauren ta ce shi ya fi duk zane-zanena. Kaina har ya kumbura.

Laraba, 5 ga Maris
Yau aka buɗe. Yaya ta zo da sabon mayafi, tana ta nuna ni wa mutane: “Ƙanwata ce, ni na goya ta.”

Sai ga wani malamin zane da ɗalibansa. Ya ce su dubi bakin nan a rufe gam, baƙin ciki ne ta haɗiye. Shuɗin bayanta kaɗaici. Kwanon gabanta kuwa, wanda ba komai a ciki, wai mace ce da ba ta samu haihuwa ba. Ya juyo gare ni: “Ko ba haka ba, mai zane?”

Na gyaɗa kai. Wayyo ni, na gyaɗa! Yaya tana bayana.

Alhamis, 6 ga Maris
Ba ta ɗaga waya ba.

Asabar, 8 ga Maris
Kwanon nan fa ni na ɗauko shi daga kicin ɗinta, don ta samu inda za ta kafa ido, ta daina waige-waige. Shuɗin kuma shi ne fentin da ya rage mini da yawa. Bakin? Yaya da dariya kamar famfon da ya lalace, ni kuma ban iya zana haƙora ba. Kullum sai na daka mata tsawa: “Don Allah rufe bakin nan!” Ta rufe, kafaɗunta na rawa.

Shekarun nan duk ba wanda ya taɓa yi mata gorin haihuwa a gabana na ƙyale shi. Sai ga ni, don a ce zanena yana da zurfi. Kunya kamar in nutse.

Talata, 11 ga Maris
Mai zauren tana so a rubuta bayanin malamin a ƙasan zanen. Na ce a dakata tukuna.

Lahadi, 16 ga Maris
Na je gidanta da sabon allon zane, wai hasken tagarta nake so. Ta jawo kujerar da na zana ta a kai wancan karon, ta zauna. Kwanon yana kan tebur. Na mayar da shi kicin.

“Auta, yau ma in rufe bakin?”

Na ce ta yi yadda ta ga dama.

Ba ta yi dariyar ba. Fentin da na haɗa har ya bushe, ina zaune ina jira.