Tamfol Ya Ce Manila, Yarinya Ta Ce Tafki

Hajiya Potre, ki taimake ni da shawara. Amma ki sani, wannan ne karo na farko da na buɗe baki na ce wa ɗan Adam ya taimake ni.

A aji uku na sakandare na tsaya, ba don kaina ba ya ja ba, mahaifina ne ya rasu. Da jaka ɗaya na shiga jirgin ruwa zuwa Manila, babban birnin ƙasarmu. Na sayar da zannuwan malong a bakin titi, na sayar da tabarau, na sayar da agogo. Ruwan sama ya ci min kaya, ɓarayi sun ci min kaya, ban kira kawu ba, ban kira gwaggo ba. Na dawo na buɗe shagon waya a Marawi, garinmu na bakin tafki. Da yaƙi ya mayar da shagon toka, na kwashi iyalina zuwa garin Iligan. Mutane suna layin shinkafar agaji, ni ina bakin kasuwa da faranti ina sayar da caza. Ko ƙwaya ɗaya ta shinkafar nan ba ta shiga tukunyar gidana ba. Yau ina da shago biyu, da motar haya, da gidan bene. Na kai mahaifiyata Makka kafin Allah ya ɗauke ta, na kai matata Rasmiya, sannan na kai kaina. Wa ya ba ni? Allah, sai gumina.

To ga abin da ya kawo ni. Babbar ’yata Norhata ta gama sakandare bana, ƙannenta huɗu suna biye. Kin san halinmu, mu mutanen tafki: abin arziki ba ya faruwa sai an buga shi a tamfol an rataya a titi. Ɗan kawuna Alhaji Ampaso ya kai ɗansa Manila bara, tamfol ɗinsa ya rufe katangar gidansa. Ni kuwa na sa aka buga min wanda ya tashi daga barandata ya kai falwaya. Ga hoton Norhata, ga nawa, ga rubutu: za ta karanci kasuwanci a babbar jami’a mai zaman kanta a Manila, da kuɗin mahaifinta. Muka yi walima, kaza da kwakwa, yajin palapa har ya sa baƙi hawaye. Ampaso ya ɗaga kai ya ce, “Ɗan’uwa, wannan tamfol ne ko filafilan jirgin ruwa? In iska ta taso ai gidan zai riga yarinyar isa Manila.” Na ce, “Gara nawa. Naka rana ta cinye fuskar yaron, masu wucewa sun ɗauka cigiyarsa ake.” Aka yi dariya, ranar ni na ci.

Za ki tambaya ko na ji ta bakin yarinyar. Ita ta ce tun watannin baya ta same ni a shago ta ce, “Ama,” haka muke kiran uba, “akwai jarrabawar neman tallafin karatu da zan zauna.” Ina ciniki a lokacin, jarrabawa kawai na ji, na ce Allah ya ba da sa’a. Rasmiya ta ce kunnena ƙarar akwatin kuɗi kaɗai yake ji. Wannan sharri ne, amma a bar shi.

Bayan walima aka gayyace mu jami’ar gwamnati da ke kan tudu a Marawi. Na ɗauka kyautar littafi za a ba ta, na sa hulata mai kyau. Ashe yaran da suka ci jarrabawar ne za su tsaya ɗaya bayan ɗaya a gaban manyan malamai, kowa ya faɗi abin da yake so ya karanta da dalilinsa. Aka kira Norhata. Yarinyar da a gida sai na ce ta ɗaga murya kafin in ji gaisuwarta.

Hajiya, ta yi magana a kan tafkinmu. Ta fara kiran sunayen kifaye: manalak, lindog, baolan. Rabona da jin sunayen nan tun daga bakin mahaifiyata, tana tsugune tana gyara su a kan dutse. Na ci su ina yaro, daga baya na daina ganinsu a kasuwa, ban taɓa tsayawa na tambayi ina suka tafi ba. Ashe duk hutun da take zuwa ƙauyen kakarta a bakin ruwa, ni ina cewa gudun aikin shago take, wurin tsofaffin masunta take zama tana tambayarsu. Ta yi bayanin yadda baƙon kifi ya shiga tafkin ya dinga cinye ’ya’yan namu, da inda take zaton ’yan kaɗan sun rage a bakin ƙoramu. Wani tsohon malami mai furfura ya cire tabarau ya jefa mata tambaya da Turanci, rabi na gane. Ta amsa masa daki-daki, sannan ta ce, “Sauran ban sani ba, ranka ya daɗe, shi ya sa na zo.” Ɗakin ya ɗauki tafi.

Ni da na yi ciniki da manyan dillalan Manila ban ƙifta ido ba, sai ga ni baki buɗe. Na ji kamar an buɗe wani ɗaki a cikin gidan da na gina da hannuna, ɗakin da ban san da shi ba, ga shi ya fi gidan girma. Na raɗa wa Rasmiya, “Wannan tamu ce kuwa?” Ta ce, “A’a, a kasuwa na sayo ta. Rufe baki, Alhaji, ƙuda zai shiga.”

Sun ba ta tallafin. Kuɗin makaranta babu, ɗakin kwana da abinci da littattafai duk nasu, har da ’yan peso na kashewa. Sharaɗi shi ne kada makinta ya sauka, kuma in ta gama ta yi wa yankinmu aiki na wasu shekaru. A mota ta ce min, “Ama, in ka ce Manila, Manila zan je. Amma tafkin nake so.” Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi, sai in yi faɗa.

Yanzu tamfol yana nan a rataye, kuma kin san a wurinmu rana da ruwan sama ne kaɗai suke sauke tamfol. Wanda ya sauke da hannunsa ya faɗa wa gari cewa ya kasa. Ampaso har ya ji. Ya zo shago ya ce, “Ashe Manilar ta dawo ƙofar gida? Ka ce mana an samu shinkafar agaji.” Maganar nan ta ƙona ni, don ni ma abin da zuciyata take raya min ke nan: tallafi ai tallafi ne. Manila zan iya biya, kada ki yi shakka. Sai dai dole in sayar da motar haya, ga ƙanne huɗu a layi. Rasmiya ta ce tamfol ba ya zama a aji. Sannan karatun kifi, wane ofis ne yake ɗaukar mai karatun kifi? Kafin ƙarshen watan nan jami’ar take son amsa. Ni kuma tun ranar da ta yi magana a gaban malaman nan, in yarinyar ta kawo min gahawa sai in ji na ce mata na gode.

Ki gaya min abin yi. Abu ɗaya kawai: na ga kina sa wa mutane “Wani Bawan Allah.” Ni ba na ɓuya. Ki rubuta sunana cikakke, kada a rage harafi ɗaya.

Alhaji Saripada Dimalutang, Iligan

Alhaji Saripada,

Ga sunanka nan, na sa an duba haruffan. Mutumin da ya tashi daga toka da farantin caza ya cancanci a rubuta shi.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Kunyar sauke tamfol ba wasa ba ce, duk ɗan tafki ya san nauyinta, ba zan ce maka ba komai ba ne. Tambayarka a kan aiki ma tambayar uba ce. Norhata kuma ta yi sakaci: magana mai girma irin wannan ba a faɗa wa uba sau ɗaya yana tsakiyar ciniki. Da ta maimaita, da ba a kai ga mai buga tamfol ba.

Amma kai da Ampaso kun yi kuskure ɗaya. Shinkafar agaji ana ba wanda ya rasa ne, ba a tambayarsa me ya iya. Abin da aka ba ’yarka sai da ta zauna jarrabawa, ta tsaya gaban malamai, ta tsere wa wasu. Ba wanda ya tausaya mata. Ita ma da jaka ɗaya ta shiga jirginta, ba ta kira kawu ba, ba ta kira gwaggo ba, ko kai ba ta kira ba. Kai da ka cika min shafi da abin da ka yi ba da taimakon kowa ba, ka haifi irinka, sannan kana shirin sayar da mota don a ce ba ita ta yi ba.

Ga abin yi kafin watan ya ƙare. Ku koma jami’ar kai da ita da Rasmiya. Ka tambayi sharuɗɗan kamar yadda kake tambayar dillali: wane maki ake so ta riƙe, me zai faru in ta yi rashin lafiya, a ina za ta yi aikin da aka ɗora mata. Ka ga ɗakin kwanan da idonka. Ka nemi malamin nan mai furfura ya faɗa maka inda ɗalibansa suke aiki yanzu, kada ka tsaya a kan zato. Idan amsoshin sun kwanta maka, ka amince. Manila ba za ta gudu ba, tana iya zuwa can ƙaro karatu, wataƙila ma a gayyace ta. Motar haya kuwa ka bar ta tana yawo, ita ce makarantar ƙannenta. Tun yanzu ka fara tambayar makarantunsu irin jarrabawar da ake yi ta masu hazaƙa. Kuma in yaro ya zo da magana, ka ce wa mai saye ya ɗan jira.

Batun tamfol, kada ka sauke shi a ɓoye. Ka buga sabo, ka kira mutanen da suka ci kazarka, a ɗora shi a kan tsohon da rana tsaka. A rubuta gaskiya: ta ci gurbin da kanta. Ka sa Ampaso ya riƙe maka tsani. Sunanta ya zama da manyan haruffa, naka a ƙasa. Na san wannan zai yi maka ɗaci, amma gara ka fara sabawa, domin yarinyar da ta sa ɗakin malamai tafi ba za ta tsaya nan ba. Wata rana baƙo zai tambaya wane ne Saripada Dimalutang, a ce masa, “Baban Norhata mana, mai tafkin nan.”

Allah ya nuna maka ranar da ranka da lafiyarka, ya yi wa Norhata da ƙannenta albarka. A gaida Hajiya Rasmiya.

Hajiya Potre